Zalɓe da Tarwaɗar da Bayanta Ya Bushe

An yi wani Zalɓe a bakin wani babban gulbi, wanda ba shi da sana'ar da ta wuce yi wa baƙi jagora zuwa kamun kifi. Ya san ruwan nan ciki da bai, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Aibinsa ɗaya ne: in aka yabe shi, kansa kan yi masa nauyi har dogon wuyan nan ya kasa ɗauka.

A gurbi mafi zurfi na gulbin akwai wata tsohuwar Tarwaɗa, mai haƙuri da cika alkawari. Tsawonta ya kai na kwale-kwale, gashin bakinta kuwa kamar igiyar guga. Zalɓe yana kiranta Inna.

Ga yadda suke aikinsu. Bayan kaka, dabbobin tudu kan zo hutu su kafa bukkoki a kan yashi. Zalɓe ya zuba su a jirgi, ya ba su ƙugiya marar kaifi da dunƙulen dusa a jiki. Inna ta kama, ta yi ta jan jirgin tana wahalar da su har su yi gumi, sannan ta bari a jawo ta gaɓa. Baƙi su shafa ta, su gwada tsawonta, su yi shewa, a mayar da ita ruwa. Hatsin da suka kawo na ladan jagora kuma Zalɓe da Inna su raba biyu.

Sharaɗi ɗaya Inna ta kafa tun farko. Ta ce, "Ɗan nan, ni ina jure tudu fiye da sauran kifaye, amma ba dutse ba ce. Ka riƙa zuba mini ruwa da ƙoƙo, kuma kafin santsin bayana ya bushe, a mayar da ni."

Wata rana ayarin birai ya sauko daga duwatsu. A cikinsu akwai wani jan biri mai suna Jatau, sarkin gardama, wanda ko cewa aka yi rana ta fito sai ya nemi shaida.

Da hantsi aka jawo Inna kan yashi. Birai suka yi ta tsalle suna ihu. Jatau kuwa ya zagaya ta, ya taɓe baki.

Ya ce, "Wannan ce ake ta zuzutawa? Bara mun je gulbin yamma, jagoran can ya fito mana da wadda ta kwanta a tudu har azahar tana kaɗa wutsiya."

Zalɓe ya ce, "Ƙarya kake yi! Babu jagoran da ya kai ni, babu kifin da ya kai tawa."

"To in gaskiya ne, Malam Zalɓe, bar ta mana har sarkinmu ya ƙaraso daga bukka ya gani da idonsa. Ko tsoro kake ji?"

"Ni? Tsoro? A je a kira shi!"

Inna ta ɗago ido ta ce a hankali, "Ɗan nan, yashin ya fara zafi."

Zalɓe ya sunkuya ya raɗa mata, "Inna, ɗan ƙara haƙuri, kada ki ba ni kunya a gaban baƙi."

Ta ci gaba da kwanciya a kan yashin. Da ma ba ta taɓa watsa masa ƙasa a ido ba, ba ta kuwa so ta fara a ranar.

Sarkin birai kuwa ba mai sauri ba ne. Sai da ya gama kalaci, ya yi hamma, ya sa aka yi masa susa. Kafin ya iso, birai sun kewaye Zalɓe suna tambayarsa yadda aka yi ya mallaki wannan dodon kifi. Gogan ya ajiye ƙoƙon ruwa, ya buɗe fukafukai, ya shiga ba da labarin wata kokawa da bai taɓa yi ba. Suna tafi yana ƙara gishiri.

Inna ta sake cewa, "Ɗan nan, ruwa." Amma muryarta ta dushe, tafin birai ya danne ta.

Da sarki ya iso, ya dafa bayanta, ya janye hannu da sauri. Ya ce, "Kai jagora, wannan ai ta bushe kamar ƙirgi."

Sai a lokacin Zalɓe ya waiwaya. Ya yi ihu, "Ku tura ta ruwa! Don Allah ku tura ta!"

Suka taru suka tura. Ruwa ya rufe ta, ta motsa wutsiya sau ɗaya, sannan ta juya cikinta sama. Zalɓe ya bi ta cikin ruwa har wuya yana kiran "Inna! Inna!" Gulbi ya tafi da ita.

Jatau ya sosa ƙeya ya ce, "Af, ni fa wasa nake yi. Ban taɓa zuwa wani gulbin yamma ba."

Kafin la'asar birai sun naɗe kayansu sun hau dutse. Baƙo raɓa ne, shi ke nan sun tafi, kuma daga shekarar babu ayarin da ya sake sauka a wannan yashi. Amma wallahi ba rashin hatsi ne ya fi cin ran Zalɓe ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne, sau biyu ta kira shi, na farko ya ji ya ƙi, na biyu ko ji bai yi ba. Abin tausayi, shi da bakinsa ba ya hutawa, ya koma ba ya ce wa kowa uffan. In kun ga zalɓe tsaye shi kaɗai a bakin ruwa ya ƙura wa gurbi ido, kada ku ɗauka kullum yunwa ce ta tsayar da shi.

Darasin wannan labari shi ne, kada ka sayi yabon baƙo da wahalar wanda ya amince da kai. Mai haƙuri ba ya yawan kuka, saboda haka in ya ce maka ya gaji, ka ji shi tun a karon farko. Masu tafi za su watse su koma gidajensu, kai kaɗai za a bari da da-na-sani.