Tabon Ƙirjin Kofur Haladu

An yi wani bawan Allah a wani gari, tsohon soja, ana ce masa Kofur Haladu. Shekara ashirin da biyu ya yi cikin kaki. Bayan ya yi ritaya, ciwon zuciya ya kayar da shi. Ƙafafu suka kumbura, taku goma sai ya tsaya yana haki. Ya nemi haƙƙin da ake ba sojan da ya nakasa a bakin aiki, aka ce babu shaidar cewa a soja ciwon ya same shi. Sai ya ɗaukaka ƙara.

To ku saurara, jama'a. Haladu yana da wani babban tabo a ƙirji, bijimi ne ya soke shi tun yana yaro. Abokinsa Saje Ilu ya ce, "Ka ce musu harsashi ne. Waɗanda suka san asalinsa duk sun mutu."

Haladu ya ce, "Wanda ya fi su sani yana raye."

Ranar zaman kwamitin da zai duba ƙarar, likita ya buɗe masa riga, ya ga tabon, ya ɗauki biro. "Baba, wannan a fagen daga ne ko?"

Kalma ɗaya fa, jama'a! Da ya ce "i", da magani ya samu.

Ya ce, "A'a, likita, ƙahon bijimi ne. Nawa ciwon ba ya ganuwa. Ya fara ne ranar da na yanke jiki na faɗi a fareti, aka kwantar da ni a asibitin bariki."

"Kana da takarda?"

"Ba ni da ita."

Aka ɗage zama. Matarsa Tasalla ta yi kuka har ta gaji. Ya ce, "Yi haƙuri. Ban san ranar da zuciyar nan za ta tsaya ba, ba na so ta tsaya da ƙarya a cikinta."

Wata bakwai shiru. Ashe maganar ta tsaya wa likitan nan a rai. Da ƙafarsa ya je tsohon barikin, ya yi ta tonon fayil har ya samo katin asibitin Haladu. Aka ba shi haƙƙinsa. Ya ƙara shekara huɗu a duniya, yana takawa masallaci da kansa.

Jama'a, nemi haƙƙinka, kada ka gaji, amma kada ka gauraya shi da ƙarya. Kai da za ka cike fom gobe, ke da za a tambaya a ofis, kowa yana da tabon da zai iya sauya wa suna ba wanda ya sani. Allah ya sani. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ranar da take da tsada.