Mai Gilashi da Gidan Bakin Tafki

Akwai wani ɗan kasuwa da kowa ke kira Mai Gilashi, domin sana'arsa ke nan: tagogi, ƙofofi da madubai. Ku gyara zama ku ji yadda ya zaɓi gida, don na san a cikin masu bin shafin nan ba a rasa irinsa, ko da aljihunsu bai kai nasa ba.

Mutum ne da Allah ya buɗa wa cikin 'yan shekaru, sai ya ɗauka wayonsa ne. Tun da ya sayi mota ta biyu ya daina amsa gaisuwa da baki, sai dai ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari. Idan abokin ƙuruciyarsa ya leƙo shago, sai ya bar shi a tsaye yana ta latsa waya, har mutum ya gaji ya tafi da kansa.

Yana da mata, malamar firamare, da yara uku. Sai mahaifiyarsa, Inna, da ke zaune tare da su tun rasuwar mahaifinsa. Inna ta haura tamanin, kuma mantuwa ta fara cin ta. Takan yi sallar azahar sau biyu. Wata rana kuma sai ta zura takalmi ta fita, wai za ta ɗebo wa babanta ruwa, alhali baban nata ya fi shekara hamsin a ƙasa.

A unguwar da suke haya, wannan bai taɓa zama tashin hankali ba. Kafin ta sha kwana, tela ko mai shagon bakin layi ya gan ta, ya riƙo hannunta suna hira har ƙofar gida.

Da ya tashi sayen gida na kansa, dillali ya kai shi da Malama gida biyu a rana ɗaya.

Na farko yana kan tudu, cikin jama'a. Ba bene ba ne. Ɗaki biyar, tsakar gida mai faɗi da bishiyar mangwaro, kuma babu matakala ko ɗaya. Masallaci a bayansa, kemis a tsallaken titi, maƙwabta katanga da katanga. Daga can ko ƙyallin ruwa ba a hangowa.

Na biyu yana bakin tafki. Bene ne, falonsa na sama gilashi ne tun daga ƙasa har rufi, ruwa shimfiɗe a gabanka iya ganinka. Gidan da ya fi kusa da shi sai ka yi tafiya mai ɗan nisa, shi ma masu shi sau biyu suke zuwa a shekara.

Mai Gilashi ya tsaya a falon nan, hannu a baya, ciki a gaba. Dillali kuwa ya gane kifinsa ya haɗiyi ƙugiya.

"Yallaɓai, irin gidan nan ai ba na kowa ba ne."

"Ka ga mutum mai hankali," in ji Mai Gilashi.

A mota Malama ta yi magana a hankali. "Baban yara, gidan ya yi kyau, ba musu. Amma ni na tudun nan ya fi kwanta mini."

"Saboda me?"

"Saboda Inna. Ka san kullum ruwa take nema. A can in ta fita, akwai idon jama'a. A nan wa zai gan ta?"

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Wato in bar wannan, in koma cikin masu faci da masu wanki, ana shanya tsummokara a kan katangata? Ke matsalarki, kin saba da ƙurar alli, ko an ɗaga ki sai kin nemi ƙasa. Inna kuma ai kwaɗo ake sa wa ƙofa. Don me aka yi maigadi?"

"Kwaɗo ba ya hira da tsohuwa."

"To ki ajiye aikin ki zauna ki yi mata hirar."

Ƙanwarsa, Auta, wadda ke aure a wata unguwa, ita ma ta kira shi a waya. "Yaya, don Allah ka duba maganar Inna." Ya ce mata ranar da mijinta ya mallaki ko da kejin kaji, sai ta zo su yi shawarar gida.

Ya sayi na bakin tafki.

Aikin farko da ya sa aka yi shi ne katanga. Akwai wata 'yar hanya a gefen gidan, wadda masunta ke bi su sauka inda suke ɗaure kwalekwalensu, mata kuma su bi su je wanki. Ya ce ba zai biya kuɗin kallon ruwa ba, ya ƙare da kallon ƙazanta. Aka ja bulo har cikin ruwa, aka toshe hanyar, aka sa ƙofar ƙarfe a baya da kwaɗo uku.

Wani dattijo, babba a cikin masuntan, ya zo har ƙofar gida ya yi sallama. Mai Gilashi bai ce a shigo da shi ba. Daga baranda ya leƙo.

"Ranka ya daɗe, mun zo yi maka barka da zuwa ne. Sai kuma roƙo. Hanyar nan tun muna yara muke bin ta. Ko taku biyu ka bar mana, mun gode."

"Tsoho, kana da takardar filin?"

"Babu."

"To ni ina da ita. Maigadi, in ya tafi ka watsa ruwa a wurin, ƙarni ya yi yawa."

Dattijon ya juya. Daga ranar masuntan suka koma can nesa, bayan wasu duwatsu, suka mai da wurin matsayarsu.

Zama ya fara. Sauro ya yi musu maraba tun daren farko. Danshi ya kama bango, takalman da ke cikin kabad suka yi fumfuna. Yara ba su da abokan wasa, sai faɗa da juna. Malama takan fita aiki da zuciya biyu, ta kira maigadi sau uku kafin a tashi makaranta. Amma Mai Gilashi ko a jikinsa. Kullum da safe sai ya ɗauki hoton kofin shayinsa da tafki a baya, ya watsa wa duniya.

Inna kuwa an ba ta ɗaki a ƙasa, a kulle. Ta daina yawan magana. Takan wuni a bakin taga tana tambayar ina mutane suka tafi.

Bayan wata biyu ya shirya liyafar buɗe gida, ranar Asabar da yamma. Ya gayyato manyan 'yan kasuwa da masu kwangila, wasu ma sau ɗaya ya taɓa gaisawa da su. Daga tsohuwar unguwa ko mutum ɗaya bai kira ba. Auta ma don ta taya aikin kicin aka ce ta zo.

Ya ja Malama gefe. "Ki tabbata Inna ba ta fito ba. Ba na son ta zo tana tambayar baƙina 'ya'yan wa ne."

Baƙi suka yi ta zuwa. Aka wangale babbar ƙofa, maigadi ya koma mai ba motoci hannu. Malama na can kan tukwane. Ɗaya daga cikin yaran ya kai wa kakarsa abinci, ya fito da gudu don kada a raba lemo ba shi, ya bar ƙofar a buɗe.

A sama kuwa, Mai Gilashi ya tara mutane a gaban gilashinsa yana bayani. Kaurinsa kaza ne, daga ƙasar waje aka kawo, harsashi ma sai ya yi tunani. Ana ta gyaɗa kai ana cin nama.

Sai wani baƙo ya nuna da cokali. "Waccan fa? Wace ce can a ƙarshen katangarka?"

Can ƙasa, ta waje da katangar, wata tsohuwa ce da koɗaɗɗen zani, bokiti a hannu. Ta shiga ruwa har gwiwa, tana ƙara gaba a hankali.

Mai Gilashi ya ja tsaki. "Kun gani ko? Irin mutanen nan ke nan. Ka yi katanga, su zagayo. Ba sa jin magana, sai ka ce awaki."

"Anya ba za ta faɗa ba? Wurin kamar da zurfi," in ji baƙon.

"Rabu da ita. In ruwa ya kai mata wuya za ta gane ba gidan ubanta ba ne."

Aka yi dariya. Wasu har suka ɗaga waya suna ɗauka.

Auta ce ta hawo da faranti a hannu. Ta kalli inda kowa ke kallo. Farantin ya suɓuce ya tarwatse a kan tayil.

"Yaya! Bokitin Inna ne! Inna ce!"

Ban san yadda zan kwatanta muku fuskarsa ba. Ya kwasa da gudu, babbar riga na harɗe shi a matakala. Ya isa ƙofar baya, kwaɗo uku na kallonsa. Makullan suna wurin maigadi, maigadi yana can bakin titi. Ya jijjiga ƙarfen, ya daka masa kafaɗa, ya yi ƙoƙarin kama katangar da shi da kansa ya ce a ƙara mata tsawo. Daga baya ya zagaya ta gaba, tsakanin motocin baƙinsa, yana ihu kamar ƙaramin yaro.

Kafin ya iso, ƙafar Inna ta zame a gangaren da ke ƙarƙashin ruwan. Bokiti kaɗai ke yawo a sama.

Ihun Auta daga baranda ne ya kai kunnen masunta a can bayan duwatsu. Dattijon nan da ɗansa suka tuƙo kwalekwale iya ƙarfinsu, amma wurin da nisa. Ɗan ya yi tsalle ya nutse, ya fito, ya sake nutsewa. A karo na uku ya taso da ita, riƙe da zaninta.

Suka kwantar da ita a kan yashi. Dattijon ya juya ta, ya yi ta danna mata ƙirji, har ta yi tari ta amayar da ruwa. Mai Gilashi na durƙushe a cikin laka, takalmi ƙafa ɗaya. Ya cusa hannu a aljihu.

"Mayar da hannunka," in ji dattijon. "Ba kifi na kamo maka ba." Ya matse bakin rigarsa, ya ƙara da cewa, "Da a tsohon wurinmu muke, da ko tafin ƙafarta bai jiƙe ba."

Baƙi kuwa ɗaya bayan ɗaya suka shige motocinsu. Ko mutum ɗaya bai bi su asibiti ba. Amma kafin Litinin, hoton bidiyon da aka ɗauka a falo ya zaga kasuwa, da muryarsa tar a ciki. Har yau akwai masu kiransa "Ba Gidan Ubanta Ba" in ya ba da baya.

Inna ta yi kwana goma sha biyu a asibiti, sanyi ya kama mata huhu. Ranar da aka sallame ta, Auta ta naɗe kayanta ta sa a motar haya.

"Gidana za ta. Ɗaki biyu ne, amma akwai mutane. In kana da magana, Yaya, ka faɗe ta yanzu a gaban likita."



Ya koma wurin dillali yana tambayar gidan tudu. An sayar tuni. Ya sa aka fasa katanga aka buɗe hanyar masunta, har da aika musu saƙo. Suka ce sun gode, sun riga sun saba da bayan duwatsu. Malama ba ta taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba. Daga makaranta sai ta wuce gidan Auta da yara, su wuni wurin Inna, su dawo bayan magariba. Shirun nan nata ya fi masa zagi ciwo.

Sai da ya yi mako uku kafin ya iya taka gidan ƙanwar tasa. Ya tarar da Inna a tsakar gida kan tabarma, wata maƙwabciya na yanke mata farce. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ki yafe mini."

Ta dube shi da kyau, ta yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo.

"Sannu, bawan Allah. Ɗan gidan wa?"

"Inna, ni ne fa."

"Ka san ɗana? Mai sayar da gilashi. Babban mutum ne yanzu, ya yi gida a bakin ruwa." Ta dafa hannunsa. "Aiki ne ya yi masa yawa, shi ya sa bai zo ba. In ka gan shi ka ce kada ya damu kansa. Mutane na kula da ni."

Maƙwabciyar ta sunkuyar da kai. Auta ta shige ɗaki. Shi kuwa ya zauna daɓas a ƙasa, a cikin shaddarsa mai tsada, uwarsa na shafa masa hannu tana tambayar ko an ba baƙo ruwa.

Darasi: Kafin ka zaɓi gida, fara duba wanda ya fi kowa rauni a cikin iyalinka, ba abin da baƙi za su gani ta taga ba. Maƙwabci na gari ya fi katanga tsaro, kuma wanda ya saba raina mutane daga sama, wata rana nasa zai raina bai sani ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu shirin sayen gida da masu tsofaffi a hannu.