Iskar Tayar Dama

Ya 'yan uwa, yau zancen mota zan yi. A'a! Ga samarin sahun baya duk sun ɗago kai. Da zakka na ce zan karanta, da tuni wasunku sun fara gyangyaɗi. To ku buɗe kunne.

An yi wani mutum a garin nan namu na Mombasa, dillalin motoci, a wajen Majengo. Ba zan faɗi sunansa ba, kada ma wani ya tare ni a ƙofa. Mutum ne mai fara'a, ba ya wasa da jam'i. Wata rana jirgi ya sauke masa wata motar tsere daga Japan, shuɗiya, mai ƙofa biyu, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. Jama'a, na ga motar nan da idona! In aka tayar da ita, a ƙirjinka za ka fara jin ƙarar kafin kunnenka. Ni da furfurata sai da na zagaya ta sau biyu, Allah ya yafe mini.

Amma tana da aibi guda. In ka miƙe hanya ka sassauta riƙon sitiyari, sai ta riƙa zarmewa hagu. Ka dawo da ita, ta sake komawa.

Sai ya kai ta Makupa, garejin Mzee Famau, tsohon bakaniken nan mai gyaran ƙafar mota. Tun kafin tsohon ya ajiye kofin gahawarsa, mutumin ya ce, "Mzee, ba wani abu ba ne, titi ne. Ka san titunanmu sun karkata hagu don ruwa ya gangara."

Mzee Famau ya ce, "Tunda ka san ciwon, me ya kawo ka wurina? Ba ni makullin, ɗana."

Ku ji yadda mai tsoron Allah yake aiki. Ya fara auna iskar tayoyi huɗun nan, ya daidaita su. Ya hau titi, ya nemi inda kwalta ta kwanta sosai, ya saki hannu. Ta ja hagu. To ba titi ba ne, ba iska ba ce. Ya dawo ya taɓa ƙafafun gaba da bayan hannunsa, ko birki ne yake kamawa a gefe ɗaya. Zafinsu ɗaya. Ya kwance tayoyin gaba, ta dama ya mai da ita hagu, ta hagu ya mai da ita dama, domin da a taya ciwon yake, da jan ya juya. Ya sake fita. Hagun dai! Sai ya ɗauko zare, zaren nan da magina suke ja, ya auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, gefe da gefe. Ƙafar hagu ta ja da baya da faɗin yatsa biyu.

Ya sa jak ya shige ƙarƙashi, ya kankare fenti da wuƙa, ya kira mutumin. "Sunkuyo ka gani. Motarka ta taɓa cin duka a can inda ta fito. Ƙarfen nan da ke riƙe da ƙafar lanƙwashewa ya yi, aka gasa shi aka miƙe, aka yi masa walda, aka shafe da baƙin fenti. Sa farcenka nan. Ka ji tsagar?"

Ya ji ta. Wallahi ya ji ta, ya 'yan uwa, shi da bakinsa ya gaya mini.

Sabon ƙarfe sai an yi saƙo daga waje, mako uku. Shi kuwa ga mai saye a hannu: Shekuwe, abokinsa tun suna tsalle cikin teku da gajeren wando. Shekuwe injiniya ne a jirgin ruwa, ya zo hutu, ranar Talata zai koma. Ya ga motar, hankalinsa ya tashi, ya ce ranar Lahadi za a ƙulla ciniki.

Mutumin ya rage murya ya ce, "Mzee, ɗan murɗa mini ita ta miƙe zuwa Lahadi mana."

Tsohon ya ce, "Ni gyara na iya, ban iya kwalliya ba. Ka ajiye ta, ko ka gaya wa mai sayenta. In kuwa ba za ka yi ko ɗaya ba, fitar mini da ita daga gareji."

Ya fitar da ita. Akwai wata dabara da ya sani: mota tana bin gefen da tayarsa ta fi laushi. Sai ya tsuguna gaban tayar dama ta gaba, ya danna bakin bawul da tsinken ashana, ya rage mata iska. Ya gwada, ya ƙara ragewa, har laushin dama ya rinjayi jan hagu. Mota ta miƙe sambal! Ya yi dariya, ya ce a ransa, idan Shekuwe ya koma teku zan canja ƙarfen a ɓoye, wa aka cuta?

Ya 'yan uwa, wa ya ba shi tabbacin Talata? Wa ya sa masa hannu a kan ko da la'asar ɗin Lahadi?

Akwai wata ƙungiya ta samari masu motocin tsere da su biyun suke ciki, suna da wata al'ada tasu. Ba a gama cinikin mota sai an je miƙaƙƙen titin nan na wajen Vipingo. Mai sayarwa ya tuƙa, mai saye yana gefensa. In gudu ya kai gudu, sai direba ya ɗaga hannayensa biyu sama, na baya suna kallo, a ƙirga goma. In ta miƙe, a tafa.

Ranar Lahadi da hantsi suka taru a wani gidan mai a Mtwapa. Kai, ku zo ku ga taro! Motoci goma sha, ja da fari da rawaya, ana taka totur, ana ihu, ana raba fanken nan namu, mahamri, mai zafi a takarda. Kowa shuɗiyar nan yake ɗauka hoto. Mutumin namu yana tsakiya, baki har kunne.

Sai ga Shekuwe ya zaro ɗan ma'aunin iska daga aljihu. Ya ce, "Mu mutanen jirgi ba ma tashi sai mun duba awo." Ya tsuguna, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ta dama ta gaba sai ya tuntsire da dariya. "Jama'a ku zo ku gani! Dillalin motoci guda yana yawo da taya a sace! Mutumina, ashe kai sai dai sayarwa? Kawo tiyon nan in rufa maka asiri."

Aka yi ta dariya. Shi ma ya yi.

Allahu akbar! Kun ga rahamar Ubangiji? Ga ƙofa an buɗe masa a gaban kowa. Iska tana shiga, yana jin ƙararta, abokinsa yana tsugune a gabansa yana yi masa alheri da hannunsa. Me ake so ya ce? "Tsaya, Shekuwe, motar nan tana da ciwo." Shi ke nan fa! Za a yi masa tsiya mako guda, a manta. Amma ya dubi samarin nan, ya dubi wayoyin da aka ɗaga. Ya ce a ransa, zan ɗan tokare sitiyarin da gwiwa, ba wanda zai gani.

Suka hau hanya. Motar ta ci kwalta, itatuwan kwakwa suna wucewa fuu, na baya suna hon. Shekuwe yana dukan gaban motar yana ihu, "Ƙara mata! Ƙara mata! Yanzu, saki!" Ya ɗaga hannu. Ɗaya, biyu, uku. A irin wannan gudun, gwiwa ba ta riƙe mota. Ta kwashe hagu, tayar ta sauka daga kwalta. Ya cafke sitiyari ya fizgo, ya danne birki da dukan ƙarfinsa. Nauyin motar gaba ɗaya ya sauka kan waldar nan. Ta ɓalle. Ƙafar hagu ta lanƙwashe ciki, motar ta juya, ta daki kan kwalbati ta gefen hagu.

A gefen hagu mai saye yake zama. Shekuwe bai kai asibiti ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi kuwa ya tashi da karyayyen ƙugu. Yana kwance a gadon asibiti, kwana na uku, sai ga mahaifiyar Shekuwe ta shigo da kwanon shinkafa da kifi. Ta zauna, ta dafa kansa ta ce, "Ɗana, kada ka zargi kanka. Ƙaddara ce. Kai kaɗai ka rage mini da zan riƙa gani ina tuna shi. Ci abinci." Ta ɗebo da hannunta ta miƙa masa a baki. Ya buɗe baki ya ci, ya 'yan uwa. Ya ci!

Da aka janyo gawar motar, aka kira masu sanin ƙarfe su duba, Mzee Famau ya faɗi abin da ya gani da abin da ya faɗa. Kafin Juma'a labari ya gama gari. Filin motocinsa ya mutu, matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma gidansu, shari'a ta yi abin da za ta yi. Tsohuwar ba ta zage shi ba, ba ta tsine masa ba. Ta aika dai a karɓo mata kwanonta.

Bayan shekaru ya zo wurina yana dogara sanda, ya ce in ba da labarinsa a kan mumbari. Ya ce, "Ustaz, kurkuku bai dame ni ba. Lomar nan ce har yau ba ta wuce mini a wuya ba."

Ya 'yan uwa, wannan mutum bai tashi da niyyar kisa ba. Aibi ya ɓoye, wanda yawancinmu muke ɓoyewa kullum a kasuwa muna kiransa iya ciniki. Kai mai kifi, kai mai waya, kai mai gidan haya da rufi yake zuba, kun san abin da kuka shafa wa fenti. Faɗe shi tun mai saye yana tsaye a gabanka. Kunyar minti ɗaya ce, kuma ka rantse ba za ka iya ɗaukarta ba?

Ya Allah, ka jiƙan Shekuwe, ka sanyaya zuciyar mahaifiyarsa, ka karɓi tuban wannan bawa naka. Ka sauƙaƙa mana faɗin gaskiya a lokacin da take da nauyi. Allah ya kiyaye mu da ha'inci, ya kiyaye bayinsa daga hannunmu. Amin.