Kukan Attaher a Kan Iska

Almustafa tsohon ma'aikacin gidan waya ne a Tawa, mutumin kirki, sai dai taurin kai. In ya ce "na sani", ko liman sai ya haƙura. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'ya suka koma Yamai, ba shi da abokin hira sai rediyonsa na magana da nesa. Yakan rubuta saƙo a kwamfuta, ita ta mai da shi sauti, rediyo ya tura. Masu wannan sha'awa ƙalilan ne a Adar, kuma bayan la'asar suke haɗuwa a zango ɗaya na rediyo. A cikinsu amininsa shi ne Attaher, wani dattijon Ba'abzine da ke Tebaram.

Attaher ya sha yi masa gargaɗi. "Malam Almustafa, sayi katin sauti na dabam, wanda radiyo kaɗai ka aiki da shi. Wanga na cikin kwamfuta, duk abin da ta hwaɗi, radiyo na ɗauka shi watsa."

"Ni da na tsufa cikin wayoyi za ka koya ma?" in ji Almustafa. "Tulu guda ya ishe ni sha da alwala."

Wata la'asar, ana cikin hira ta rediyo, saƙon murya ya shigo kwamfutar daga Attaher, wanda bai hau rediyo ba ran nan. Almustafa ya kunna. Ashe matar Attaher, Lalla, ce ta naɗe tantinta ta koma wurin danginta, ta bar shi da fili. Mutumin da ko bakinsa ba ya buɗewa gaban surukai saboda kunya, ga shi yana kuka kamar yaro. "Kai kaɗai na gaya wa," ya ce.

Sai da saƙon ya ƙare Almustafa ya lura jar fitilar rediyo tana ci. Rediyon ya watsa saƙon duka. Nan take Mumuni, wani abokin hirarsu na Bambeye, ya kira shi a waya: "Malam, mi ka yi haka? Kowa ya ji!"

Kafin magariba magana ta kai Tebaram. Amsa ɗaya Attaher ya aiko: "Na ba ka kukana ajiya, ka kai shi kasuwa." Daga nan ya kwance eriyarsa, ya daina ɗaukar waya.

Washegari Almustafa ya hau kabu-kabu ya sayo katin. Ɗan abu ne, bai fi yatsa ba. Yanzu saƙonsa na fita tsaf, babu ko ƙura. Kullum bayan la'asar yana rubuta sunan Attaher ya tura, ya zauna shi kaɗai yana jira har shayinsa ya huce. Kewa ta ishe shi, amsa kuwa ba ta zo ba.

Darasin da ke nan, mai karatu, shi ne kada sani ya hana ka jin shawara, musamman daga mai ƙaunarka. Ƙaramin gyaran da ka raina yau, gobe yana iya cinye maka abin da ba a sayarwa a kasuwa. Kuma wanda aka ba amanar sirri, ya duba ƙofofinsa kafin ya buɗe kunnensa.