Kwanar da ke Bayan Coci

Ranar Asabar ce, cikin watan Mayu. Yayyafi tun safe, iska na busowa daga teku.

Akwai wata 'yar tseren keke a nan yankin Bretagne, sunanta Armelle. Ni ke gyara wa ƙungiyarsu kekuna, don haka na san ta. Shekara goma sha ɗaya aikinta ɗaya ne: ta shiga gaba ta tare wa jagorar ƙungiya iska, ta koma wajen mota ta cuso gorunan ruwa a riga ta raba. Ba ta taɓa cin tsere ba, wasu take kaiwa su ci.

Da jagorarsu ta ajiye keke, Armelle ta ɗauka lokacinta ya zo. Sai Tangi, mai horar da su, ya kawo Tifenn, 'yar shekara ashirin da ɗaya, ya ce ita za a yi wa aiki.

Tun daga nan Armelle ta sauya. In 'yan jarida suka kewaye Tifenn, sai ta kau da kai. In yarinyar ta miƙo mata burodi a tebur, sai ta ce ta ƙoshi.

A tseren ranar Asabar ɗin ne Tangi zai zaɓi mutum bakwai da za su je babban tseren zagaye ƙasa. Armelle na da shekara talatin da uku. Ta san ba za ta sake samun wata damar ba.

"Yaya Armelle, yau a garinku muke," in ji Tifenn. "Ina ne zan yi hankali?"

"Gimbiya ma tana tambayar hanya? Ki dai riƙe keken, kada ki faɗi."

"In na faɗi ai ke za ki goya ni, tsohuwa."

Armelle ba ta yi dariya ba.

Ta san hanyar sarai. Bayan cocin ƙauyensu akwai kwana, daga nan babu bishiya babu katanga. Iskar teku ke bugun mutum ta gefe, ayarin masu keke ya tsinke. Aikinta ne ta ja Tifenn gaba kafin wurin.

Da suka kusa, sai ta zare na'urar da Tangi ke musu magana ta kunne, ta yi gaba ita kaɗai. Ayari ya tsinke. Su shida suka tsere, Tifenn na can baya.

Sai jiki ya koma wa abin da ya saba. Ta zauna a gaba tana shan iska, biyar ɗin na hutawa a bayanta.

"Ja mu, 'yar gari," in ji ɗayarsu. "Ke kika san hanya."

Ta ja su kilomita talatin. Ruwanta ya ƙare, babu mai kawo mata. A hawan ƙarshe, kusa da gidan mahaifiyarta, suka wuce ta ɗaya bayan ɗaya.

Armelle na tangaɗi Tifenn ta cim mata. Tifenn ta miƙa mata gorarta, ta wuce, ta gama tseren a matsayi na tara.

Bayan tsere Tangi ya sami Armelle a bayan motar kekuna, Tifenn na gefe. Ina wurin.

"Kin san abin da yarinyar nan ta roƙe ni ranar Alhamis? Cewa ta yi in kun isa hawan tare, ita za ta tare miki iska, ki ci a gaban mamarki. Na yarda. Da kin wuce kwanar zan gaya miki a kunne."

Armelle ta kalli ƙasa.

"Koci, ka yi haƙuri, kuskure ne," in ji Tifenn.

"Ba kuskure ba ne," in ji Armelle.

Washegari da safe Tangi ya manna takarda a ƙofar motar, sunaye bakwai, babu nata. Ya ce min in sauke kekenta.

Darasi: Hassada takan rufe wa mutum ido har ya gudu daga alherin da ake shirya masa. In aka ɗaga na kusa da kai, ka riƙe aikinka da zuciya ɗaya, domin ba ka san abin da yake nufin ka da shi ba. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai wanda ke dab da tasa kwanar.