Kafintan da Ya Fita da Bencinsa

An taɓa yin wani mutum, kafinta, a wata ikilisiya irin tamu. Ba zan faɗi sunansa ba, kada kuma wani ya tare ni a bakin ƙofa bayan sujada yana tambaya. Ba don ku gane shi na kawo labarin ba, ya 'yan'uwa, don ku duba kanku ne.

Mutumin nan gwani ne a sana'arsa. Duk bencin da ke cikin majami'ar shi ya yanka, shi ya goge, shi ya haɗa, kyauta. Shekara ashirin da biyu yana zama a benci na farko, kusa da taga, har wurin da yake ɗora gwiwar hannunsa ya yi santsi. Ba a riga shi zuwa, ba a fi shi ɗaga murya. In ya ce amin, jaririn da ke barci a bayan uwarsa sai ya farka.

Ikilisiyar nan tana da wata ɗabi'a mai kyau. Akwai mai tsara zama, wanda ke tsayawa a baya yana bin layi da ido. Duk inda ya ga gurbi, sai ya riƙe a ransa. Da an tashi, kafin kowa ya ci abincin rana, mutum biyu za su nufi gidan mai gurbin su buga ƙofa. Ta haka suke gano marar lafiya, da wanda aka yi wa rasuwa, da wanda ƙafarsa ta fara sanyi. Sun yarda zumunci a ƙafa yake.

Mai tsara zaman kuwa wani tela ne, ɗan siriri, mai sanyin magana. Rana ɗaya aka yi musu baftisma da kafinta, shi ne kuma abokin ango ranar aurensa.

Wata rana dattawan ikilisiya suka yanke shawara a bar layin farko ga tsofaffin da kunnensu ya yi nauyi, domin su ma su ji wa'azi. An sanar Lahadi biyu a jere. Kafinta ya ji, har ya gyaɗa kai. Bai taɓa kawowa a ransa cewa har da shi ake ba.

Lahadi ta uku ya shigo ya tarar da tsofaffin mata biyu a kan bencinsa. Tela ya matso kusa da kunnensa ya ce, "Ɗan'uwa, don Allah ɗan koma layi na biyu, su Iya su samu wuri."

Kafinta ya ce, "Ni? A bencin da na yi da hannuna?"

"Taku ɗaya ne fa, abokina."

"To, bari ka ga taku ɗaya."

Ya sa tsofaffin suka tashi. Ya sunkuya ya saɓi bencin a kafaɗa, ya bi ta tsakiyar jama'a ana cikin waƙar buɗewa. Bencin dogo ne, ya maƙale a bakin ƙofa, sai da ya ja da baya ya karkata shi sannan ya fita. Yara suka yi dariya. Manya ba su yi ba.

Ya 'yan'uwa, me aka yi masa? An zage shi? An kore shi? An ce masa ya matsa baya taku ɗaya domin tsohuwa ta ji sunan Yesu. Shi ke nan laifin. Amma girman kai rawanin tsiya ne, wanda ya naɗa shi kuwa gani yake ado ya yi.

A ranar, bayan an tashi, tela da wani dattijo suka je gidansa. Ya tare su a tsaye, bai ko ba su wurin zama ba.

Ya ce, "Gurbin wa kuka gani? Ai na ɗauke bencina don kada a ga gurbi. Allah yana ko'ina, ba ku kuka ajiye shi a ɗakinku ba. Zan yi sujadata a gidana."

Fasto ya je, ya yi masa kunnen ƙashi. Dattawa suka je, ya ce majami'ar cike take da munafukai. Tela ya roƙe shi gafara, ko da yake bai san abin da ya yi ba. Kafinta ya ce ya riƙe gafararsa. Daga baya ma ya daina buɗe ƙofa. Sai su buga, yana ciki, ya yi shiru har su gaji su tafi.

Matarsa ita kam ba ta bi shi ba. Ya ce ta daina zuwa, ta ɗaura ɗankwalinta a gabansa ta ce, "Maigida, kai aka ce ka matsa, ni ba wanda ya ce da ni komai. In tela ya ɓata maka rai, Yesu me ya yi maka? Haushin kaza ake hucewa a kan dami?" Ta ɗauki jakarta ta fita. Ko Lahadi ɗaya ba ta fasa ba.

Sujadar gida kuwa, kun san yadda take ƙarewa. Watan farko yana zama a kan bencin nan a tsakar gida, ya buɗe Maganar Allah, ya yi waƙa shi kaɗai. Wata na biyu waƙa ta faɗi. Wata na uku ya ce a zuciya yake addu'a. Kafin shekara ta zagayo ya fara buɗe shago ranar Lahadi.

Ba don aiki ya yi masa yawa ba. Shagonsa yana cikin layin masu sana'a, a kan hanyar majami'a, kuma ranar Lahadi duk layin a rufe yake. Sai ya fito da teburin aiki bakin ƙofa daidai lokacin da jama'a ke wucewa cikin kayansu masu kyau, ya kama buga guduma kamar yana faɗa da ƙusar. In aka gaishe shi ya amsa da hanci. Yana so su gani, su san bai rasa komai ba.

Shekara uku ana haka. Shekara uku kuma ba Lahadin da tela bai buga masa ƙofa ba, a gida ko a shago. Wasu suka ce masa ya haƙura. Ya ce shi har yanzu yana ganin gurbin.

Sai 'yar kafinta ta haihu a wani gari, matarsa ta tafi mako biyu don ta kula da ita. Kafin ta tafi ta biya wurin tela ta ce, "Don Allah ka riƙa leƙa min shi. Na san halinsa, amma kada ka gaji."

Ranar Lahadi da safe kafinta ya yi bugunsa kamar kullum. Da jama'a suka gama wucewa, babu sauran mai kallo, ya mayar da teburin ciki, ya sa sakata, ya ajiye wayarsa a kan teburin, ya nufi ɗakin ajiyar katako da ke can bayan shagon.

A ɗakin nan manyan katakai ne masu kauri a jingine da bango, ɗaya a kan ɗaya. Kowane kafinta ya san dokarsu: ba a zare na tsakiya sai da mutum biyu, ɗaya ya tare na gaba, ɗaya ya ja. Shi da kansa ya koya wa ma'aikatansa wannan, ya sha zagin wanda ya karya ta. Amma ranar Lahadi ce, ma'aikata suna gidajensu, katakon da yake so kuma yana tsakiya. Ya tokare na gaba da kafaɗa, ya ja.

Duka suka taho. Ya faɗi ta gefe, hannunsa na dama tun daga kafaɗa yana ƙarƙashin katako sama da goma.

Ya yi ihu. Ba kowa a layin. Ya tura da hannun hagu, ya tura da ƙafa, ko motsi ba su yi ba. Yana jin hannun yana zafi kamar an sa shi a wuta, daga baya ya fara jin kamar ba nasa ba. Rana ta yi sama, gumi ya jiƙa shi, ƙurar katako ta cika masa baki.

Can bayan tashin sujada ya ji ana buga ƙofar shagon. Bugu uku, a hankali. Ya san bugun.

Tela ne. Ya je gida bai same shi ba, ya zo shago. Ya kira wayarsa, ya ji tana ƙara a ciki. Sai ya zagaya ta baya, inda akwai wata 'yar taga a sama, ya tsaya ƙarƙashinta. Tsakaninsa da inda kafinta yake kwance bai fi taku huɗu ba, bango ne kawai ya raba su.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ni ne. Na san kana ciki. Ba wa'azi na zo yi maka ba, uwar gida ce ta ce in duba ka. Ko tari ka yi, in san kana lafiya, in tafi."

Ya 'yan'uwa, kalma ɗaya ake nema a nan. Ko nishi ya isa. Tela zai kira maza biyar su ɓalle ƙofa cikin minti goma.

Kafinta ya buɗe baki. Sai ya hango abin a ransa: mazan ikilisiya cikin kayan Lahadi sun cika ɗakin, shi yana kwance a ƙasa cikin ƙura, an kama shi yana aiki ranar Ubangiji. Ya hango tela, tela ɗan siririn nan, yana ɗaga masa kai. Ya ji yadda za a ba da labarin mako mai zuwa, a ce Allah ya nuna masa iyakarsa. Ya ce a ransa, ba da ni ba. Zan fita da kaina. In huta kaɗan in sake turawa.

Ya cije leɓe. Har numfashinsa ya riƙe don kada a ji.

Tela ya tsaya ya ƙara kira sau biyu. Shiru. Shirun nan kuwa ba baƙonsa ba ne, shekara uku yana shan irinsa. Ta yaya zai bambanta shirun yau da na makon jiya? Ya yi gajeriyar addu'a a gindin bangon, ya ce, "Ubangiji ya tsare ka, abokina. Sai Lahadi mai zuwa." Kafinta yana jin takunsa har ya ɓace.

Ya huta, ya sake turawa. Katako bai san girman kowa ba. Da yamma ta yi, ido ya raina fata, ya fara kiran tela da ƙarfi, yana kira har muryarsa ta dushe. A nan ya kwana. Sai ranar Litinin da safe ma'aikatansa suka ɓalle ƙofa suka same shi.

A asibiti likita ya duba hannun ya girgiza kai. Ya ce da an kawo shi jiya da rana da akwai abin yi, yanzu kam in ba a cire ba zai tafi da ransa. Aka cire.

Matarsa ta iso kwana biyu bayan haka. Ta tarar da tela zaune a ƙasa a bakin ɗakin, idanunsa sun kumbura, yana ta cewa laifinsa ne, da ya sani da ya ɓalle ƙofar. Ta shiga ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana kallon inda hannun yake a dā.

Ta ce, "Maigida, ka suma ne lokacin da ya zo? Ba ka ji shi ba?"

Ya ce, "Na ji shi."

"Ka ji shi?"

"Sarai."

"To me ya hana ka amsawa?"

Ya juya fuska ga bango ya ce, "Ki ce masa ya tashi daga bakin ƙofar nan. Ban kira shi ba."

An rufe shagon. Ma'aikata suka watse, zarto ya yi tsatsa. Mutumin da ya zaunar da ikilisiya guda a kan aikin hannunsa, yau matarsa ke sa masa maɓallin riga. Har yanzu kuma bai dawo ba. Na so in ce muku ya tuba, ya shigo yana kuka, amma ba zan tsaya a nan in yi muku ƙarya ba.

Ya 'yan'uwa, kada wani ya fita yana cewa Allah ya jefe shi da katako. Katako yana faɗo wa mai adalci da marar adalci. Abin da ya cinye hannun nan shi ne shekara uku da ya yi yana koya wa masu ƙaunarsa cewa shirunsa ba komai ba ne, yana koya wa bakinsa kuma kada ya ce "ku taimake ni". Ranar da ya buƙaci kalmar, ba ta fito ba.

Kai da kake cewa Allah yana ko'ina, gaskiya ne. Amma ranar nan, da wace ƙafa Allah ya zo bayan shagon? Da ƙafar tela ya zo. Ke da kika daina zumuntar mata don an zaɓi wata ba ke ba, kai da ka bar mawaƙa don an ba wani waƙarka, kai da ba ma ganinka sai ranar jana'iza, me aka yi muku da ya kai hannun dama? Ubangijinmu bai kira mu mu bi shi ɗaiɗai ba. Jiki ɗaya ya mai da mu, gaɓar da ta ware kuwa ita ce ke mutuwa.

Mu kuma ga tamu maganar, ku ji ta da kyau. In muka ga gurbinku za mu zo. Ku ɓata rai, ku sa sakata, ku ce mun cika shisshigi, za mu buga. Tun daga labarin nan kuma na gaya wa masu ziyararmu, in sun buga sun ji shiru, kada su juya sai sun ga fuskar mutum da idonsu. Gara ku yi fushi da mu kuna da lafiyarku.

Ubangiji ya raba mu da zuciyar da ke jin muryar ɗan'uwa ta cije baki. Ya riƙe ƙafafunmu a cikin taron jama'arsa, ya kiyaye mu da 'ya'yanmu, ya kuma tausasa zuciyar bawan nan nasa tun yana da sauran numfashi. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.