Muryoyin Bayan Ganuwa

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, an yi wani sarki a ƙasar Zamrada, ana ce da shi Tunau, mai taushin zuciya da gajeren tunani. Wata rana da tsakar rana wani baƙin aljani ya fito daga tafkin gabas, ya cinna wa kasuwa wuta a kan idon yara, mutane da yawa suka halaka, har da Yarima, mahaifin Kuluwa jikar sarki.

Da sarki ya ga yara sun daina wasa, sai ya sa aka yi shela cewa duk yaron da ya tambayi mamacinsa a ce masa ya yi tafiya. Ya kuma kira wata matsafiya, ta binne ƙahon sihiri a bayan ganuwa, kowace la'asar yana kiran yara da muryoyin iyayensu: "Ina nan tafe." Fadawa, da ba su taɓa ganin kuskuren sarki ba, suka ce hikima ta ƙare a kansa.

Abin ya ƙara lalacewa. Yaron da ya ga an rufe ubansa da tabarma ya rasa wanda zai gaskata, idonsa ko uwarsa. Wata la'asar Kuluwa ta ja sauran yara suka bi muryar, suka wuce ƙahon ba su sani ba, har bakin tafkin nan.

Sarki ya bi su da gudu, ba rawani ba takalmi, ya tarar da Kuluwa ruwa ya kai mata gwiwa. Ya durƙusa a laka ya ce, "Ya ke jikata, dawo. Mahaifinki ya rasu, ba zai dawo ba. Ni na sa aka yi muku ƙarya."

Kuluwa ta dube shi ta ce, "Ai na ga gawarsa, Kaka. Na zaci ni ce na haukace."

Ta fito, amma ta ƙi yarda ya ɗauke ta.

Aka fasa ƙahon, aka yi zaman makoki da yara a tsakiya, kowa ya faɗi abin da ya gani, aka bar su suka yi kuka. A hankali wasa ya dawo gari.

Da Kuluwa ta isa aure, sarki ya kira ta gaban fada ya ce, "Na bincika, angonki mutumin kirki ne." Ta yi godiya cikin ladabi, sannan ta juya ta tambayi jakadiya ko haka ne.